Anini Biyu a Gindin Murhu

A Potiskum in ka ce kana neman Bilyamin direba, sai an tambaye ka wanne, domin a tashar tirela kaɗai sun kai biyar. Amma ka ce Bilyamin na 'Yan Ƙarshen Wata, nan take za a nuna maka gidansa a Yerimaram, mai ƙofar ƙarfe shuɗiya da tsohuwar taya a gindin dalbejiya. Wanda ya nuna maka gidan kuma sai ya ɗan yi murmushi. Ka roƙi Allah kada Bilyamin ya ga wannan murmushin, don in ya gani ranar ba mai shan ruwa a unguwar.

Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, shekararsa arba'in da uku. Shanu yake ɗauka daga kara, kasuwar dabbobi, ranar Laraba ya kai kudu, kuma shekara goma sha bakwai ke nan yana riƙe da sitiyari bai taɓa kwantar da mota ba. Ko maƙiyinsa ba ya ja da wannan. Matsalar Bilyamin ba tuƙi ba ce. Matsalarsa ita ce Allah ya yi masa hannun girki, irin wanda in ya dafa ruwan zafi ma sai ka nemi ƙari.

Laifin mahaifiyarsa ne, Ya Fanne, Allah ya jiƙanta. Babarbariya ce, ba ta haifi mace ba, sai shi ya tashi a gindin murhunta yana miƙo daddawa yana tsince banda. Da ya kai sha bakwai ta kama hannunsa ta kai shi wurin Muhammadu Lawan, babban direba a lokacin, ta ce ga amana, a koya masa mota. Haka ya zama karen mota. Shi ne wanki, shi ne sa wa taya weji, shi ne kwance taya cikin rana, kuma in an tsaya a hanya shi ne zai shiga ƙarƙashin tirela ya kunna risho ya dafa wa ubangida abinci. Wannan ba abin kunya ba ne, kowane direba ta nan ya biyo. Amma direbobi suna da al'adarsu: ranar da ubangidanka ya damƙa maka makulli, ranar kake miƙa ludayi ga na bayanka a gaban mutane, kuma daga nan kai da tukunya har abada. Direba ya mutu da yunwa ya fi masa a gan shi yana yanka albasa.

Sa'o'in Bilyamin shekara huɗu, biyar, sun karɓi makulli. Shi sai da ya yi tara. Duk dawowar da zai yi daga kudu, Ya Fanne takan tare shi a bakin zaure ta ce, "To, yaushe za ka ɗauke ni a motarka, ko zuwa Fika ne in dawo?" Shi kuma ya ce saura kaɗan. A shekara ta takwas ta rasu, ba ta hau ba. Da aka ba shi makullin a ta tara, ya miƙa ludayi, ya rantse a ransa ko a gidansa ba zai ƙara ɗaga murfin tukunya ba. Ya kuwa riƙe rantsuwar shekara goma sha biyu. Matarsa Ummul-Khair sai da ta haifi 'yarsu ta fari, Sharifa, kafin ta ji a bakin mutane cewa mijinta ya iya girki.

To, sai ga wannan runduna ta sa-kai. Bayan shekarun tashin hankalin da garin ya sha, aka ce ana neman magidanta masu sana'a, a horar da su, su riƙa taimaka wa jami'an tsaro in buƙata ta taso, kowa kuma yana kan sana'arsa. Mai takardar sakandare da ɗan shekaru za a maƙala masa anini ɗaya a kafaɗa, ya zama hafsa. Bilyamin yana da takardar, ya rubuta ta ne daga baya yana direba. Ya kuma ga babbar motar rundunar, koriya mai taya shida, an faka ta a bakin sansani a hanyar Fika, ya zagaya ta sau biyu yana shafa ta kamar mai taya saniya. Ya karɓi fom. Inda aka ce sana'a ya rubuta direba da manyan baƙaƙe. Inda aka ce sashen da kake so ya rubuta sufuri, har ya ja layi biyu a ƙasa.

Ƙa'idar horon a takarda kamar wasa. Kowace Juma'ar ƙarshen wata, daga saukowa masallaci zuwa la'asar ɗin Lahadi, kana sansani, dalilin da ya sa gari ya raɗa musu 'Yan Ƙarshen Wata. Sai kuma sati biyu cur sau ɗaya a shekara, bayan an kawar da amfanin gona. Kwana biyu da rabi a wata, mene ne a ciki? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa lodin shanu ba, wallahi. Mota ta tashi Laraba da yamma, ba ta sauke a Legas sai Juma'a ko Asabar, ba ta dawo gida sai wani satin. Kwana biyu da rabin nan sati guda suke cinye masa sukutum, yana ji yana gani wani direban zai ja lodinsa. Mai tirelar da yake ja ya yi mita har ya gaji. Ummul-Khair ta ce, "Baban Sharifa, da ma rabin wata muke ganinka, yanzu kuma ragowar ka kai wa kaki?" Ya ce ta yi haƙuri, hidimar gari ce.

A sansanin farko na sati biyu ne za a raba mutane sashe-sashe, kuma a nan ne ya tafka kuskuren da har gobe yake biya. Kwana uku ana ba su wata shinkafa da ba ka san ko tuwo aka nufa ko kunu ba. Wanda aka ɗora wa girkin kafin a yi rabon shi ne Idi, tela ne a kasuwa, mutumin kirki, amma bai san bambancin tafasa da dahuwa ba. Rana ta huɗu Bilyamin ya dawo daga fareti ya bi ta bayan rumfar girki, ya ga Idi ya ɗaga buhun shinkafa zai juye cikin ruwan sanyi, ba wanki ba tsincewa, ga manja a gefe ko soya shi bai yi ba. Da ya kawar da kai ya wuce, da yau wani labarin ake yi. Ina! Sai ya ji bakinsa ya ce, "Kai, bawan Allah, tsaya!" Ya karɓe ludayin. Niyyarsa ya nuna masa sau ɗaya kawai.

Ya soya daddawa da albasa a manja har ƙamshi ya kai filin fareti, ya marmashe banda a ciki kamar yadda Ya Fanne take yi, ya zuba shinkafa da wake. Mutum sittin suka ci suka suɗe kwano. Kwamanda Babaji, tsohon soja mai furfura a gashin baki wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya aiko a ƙaro masa sau biyu. Ranar da aka kafe sunaye, Bilyamin ya duba ƙarƙashin sufuri bai ga kansa ba. Ya duba sadarwa, ya duba sintiri. Can ƙasa, sashen abinci, ga shi nan shi ne shugaba, da mutum huɗu a ƙarƙashinsa. Sufuri kuwa wa aka ba? Idi tela. Wai yana da lasin da ya yanka shekarun baya bai taɓa amfani da shi ba.

Ya je gaban kwamanda ya ƙame ya sara. "Yallaɓai, ina jin an yi kuskure. Ni direba ne."

"Ba a yi kuskure ba," in ji Kwamanda Babaji, ko ɗago kai bai yi ba. "Runduna ke zaɓa wa mutum sashe, ba mutum ke zaɓa wa runduna ba. In kana son canji, ka yi shekara uku ba ka yi fashin horo ko ɗaya ba, sannan ka cike fom. Za a duba."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya dawo gida da anini ɗaya a kafaɗa da warin hayaƙi a kaki. Kafin sati ya zagayo duk tasha ta ji. Ba wanda ya isa ya faɗa masa a ido, amma in ya shigo sai wani ya ɗaga murya ya tambayi na kusa da shi ko nawa ake sayar da tattasai yau. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana shi barci mutum ɗaya ne, Baba Lawan ubangidansa, wanda ya ajiye mota ya koma gonarsa a Danchuwa, ido ya yi yana, kunne ya yi nauyi. Bilyamin yakan kai masa gaisuwa duk wata da goro da sabulu. Da ya je, tsohon ya shafa aninin da yatsa ya ce, "Madalla. Wane aiki suka ba ka, Bilya?"

"Wajen motoci ne, Baba."

"To da wa za su ba? Yaron da na ba makulli da hannuna!"

Shi ke nan ƙarya ta zauna. Mutanen gari kuwa, don kunya da tausayi, ba wanda ya kai wa tsohon gaskiyar. Lissafin Bilyamin shi ne shekara uku kamar gobe ne, in ya karɓi koriyar motar nan ƙaryar za ta zama gaskiya, Baba Lawan ba zai taɓa sanin yaronsa ya koma gindin murhu ba.

Ummul-Khair ce ta kawo shawarar da kowane mai hankali zai kawo. "Kai ma dai da neman wahala. Ka zabga musu gishiri sau biyu, ka ƙona shinkafa sau ɗaya, su da kansu za su kore ka daga wurin." Ya ga gaskiyarta. Ƙarshen watan ya cika tafinsa da gishiri ya tsaya a kan tukunya, ya rufe ido ya watsa. Bai yi taku uku ba ya tuna mutum sittin ne suka wuni a rana suna tsalle-tsalle da bindigar katako. Ya dawo a guje, ya ƙara ruwa, ya yanka dankali ya zuba ya shanye gishirin, ya ƙara yakuwa. Ranar har kwamanda sai da ya zo rumfa da ƙafarsa ya tambayi sunan wannan sabon girki. Da ya ba Ummul-Khair labari, ta dube shi ta dube shi, ta ce, "Allah ya shirye ka," ta tashi ta ba shi wuri.

Haka ya dinga ƙirga watanni. Ya yi fashin ɗaurin auren ƙanin matarsa. Sunan ɗansa na uku ya faɗo ranar Asabar ɗin horo, aka raɗa suna yana can yana tuƙa tuwon mutum sittin. Ya kai wata ashirin da biyu ba fashi. Sai shekarar da ruwa ya cinye hanyar Lokoja. Yana dawowa daga kudu ya tarar da tireloli sun yi layi iya ganinka, ba gaba ba baya, kwana tara yana nan. Ya kira kwamanda a waya, ya ɗauki hoton ruwan ya tura, ya haɗa da hoton kansa tsaye a ruwa har gwiwa. Da ya iso gida ya wuce sansani ko wanka bai yi ba.

"Na ga hoton," in ji Kwamanda Babaji. "Ruwa ne sosai. Amma takarda ba ta ce sai in an yi ruwa ba. Fashi fashi ne. Ka faro daga ɗaya."

Jama'a, ina dalili! Wani ne da ya tuɓe kakin ya jefa musu ya kama gabansa, ba wanda ya ɗaure shi, aikin sa-kai ne. Amma in ya fita a lokacin, ya fita yana kuku, kuma haka sunan zai bi shi har kabari. Sai ya haɗiye, ya faro daga ɗaya. Daga ranar ya daina karɓar lodi tun sati biyu kafin ƙarshen wata in damina ce, don kada a maimaita. Wata talatin da shida ya jera, ko ciwon haƙori bai hana shi ba. A cikin shekarun nan Idi ya ƙona kuloci biyu, ya goge wa koriyar motar gefe a jikin ƙofar sansani, kuma duk lokacin da ya sa giya sai Bilyamin ya ji ƙarar daga rumfa kamar haƙorinsa ake cirewa.

Bana ya cika sharaɗi. Ya cike fom, ya kai da hannunsa, kwamanda ya karɓa ya ce za a duba, kuma ranar rufe sansanin shekara, a gaban iyalai da dattawan gari, za a karanta canje-canje. Daɗi ya kwashe Bilyamin, har ya yi abin da bai kamata ba: ya je Danchuwa ya gayyaci Baba Lawan. Tsohon ya ce ko a kan jaki ne zai zo ya ji yaronsa yana jan motar hukuma.

Ana gobe rufewa aka fita atisaye can gaba da hanyar Fika. Wajen hantsi wani ya shigo sansani a kan babur ya ce mota ta kafe a yashin wani busasshen rafi, da mutum talatin da kaya, Idi yana ta ba ta wuta tana ƙara nutsewa. Bilyamin ya ga dama ta zo har gida. Ya ajiye ludayi, ya ce wa mutanensa su kula da tukunya, ya haye bayan babur. Yana isa ya ce Idi ya sauko. Ya rage iskar tayoyi, ya sa aka sassaro rassa aka shimfiɗa, ya hau ya zauna. Shekara biyar yana kallon wannan kujera daga nesa. Ya ɗan ja ta baya, ya ɗan ba ta gaba, ya lallaɓa ta kamar mai rarrashin amarya, sai ga ta ta fito tana huci. Mutane suka ɗauki sowa. Shi ya tuƙo ta har sansani, kwamanda yana gefensa a zaune, ko girgiza bai yi ba a ramukan hanya.

Suna shigowa ƙauri ya tare su tun daga ƙofa. Mutanensa huɗu sun ƙona shinkafar ƙurmus, sun yi ƙoƙarin gyarawa sun mayar da ita abin da ko akuya ta shinshina sai ta yi gaba. Mutum sittin suka ci gari da ƙuli ranar. Kwamanda Babaji ya dubi motar, ya dubi tukunyar, ya wuce. Bilyamin ya ɗauka kallon na yabo ne.

Ranar rufewa ya tashi tun asuba ya yi girkin da yake ganin shi ne na ban kwana: burabusko da miyar yakuwa da naman rago, ga dafa-dukar nan tasa mai banda a gefe. Ya gama, ya wanke hannu da sabulu sau uku, ya sa kaki mai guga ya shiga layi. Daga inda yake tsaye yana hango Baba Lawan a ƙarƙashin rumfar baƙi, da farar hula da sanda, Ummul-Khair ta zaunar da shi a kujerar gaba ta koma bayansa cikin mata.

Aka yi fareti, aka yi jawabai. Kwamanda ya ɗauki takarda ya karanta canje-canje, ya zo kan sunansa ya tsaya.

"Hafsa Bilyamin ya nemi a mayar da shi sufuri. Jiya na ga tuƙinsa da idona, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma jama'a, nan Potiskum ce. Ka rufe ido ka jefa dutse, kan direba zai faɗa. Wanda zai ciyar da mutum sittin su tashi suna godiya kuwa, jiya mun nema mun rasa. Saboda haka runduna ta ƙara masa girma zuwa anini biyu, kuma zai ci gaba da riƙe sashen abinci."

Aka tafa. Har da guɗa, don matan ƙarin girman kawai suka ji. Bilyamin ya taka ya je aka maƙala masa aninin, ya sara. Abu ɗaya kawai ya duba, fuskar Baba Lawan. Tsohon yana ta murmushi yana gyaɗa kai, ya kara tafin hannu a kunne. Lasifikar tana ta shaƙewa, kunnen kuma ga yadda yake, bai ji komai ba sai sunan yaronsa da tafi. Bilyamin ya sauke ajiyar zuciya. Ko ba komai asirinsa bai tonu ba.

Sai aka fara rabon abinci.

Yana bayan rumfa yana nuna wa mutanensa yadda za su zuba, sai ga Ummul-Khair. Ba ta dube shi a ido ba. "Baba yana kira. Loma ɗaya ya yi ya ajiye cokali."

Ya je ya durƙusa. Tsohon ya lalubo hannunsa, ya kai hanci ya shinshina. Sabulu sau uku ba ya fitar da daddawa.

"Ba warin gas a hannun nan, Bilya."

"Baba, na yi maka ƙarya. Shekara biyar ke nan. Ka yafe ni."  Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya shekara biyar yana tsoro, tsohon ya ce ya zubar masa da mutunci, ya mayar da makullin da ya ba shi abin banza.

Sai Baba Lawan ya fashe da dariya. Dariya har da tari, har da buga sanda a ƙasa.

"Kai, wannan kwamanda naku ɗan duniya ne! Ya san abin da yake yi. Ai ni ma haka na yi."

"Haka ka yi me, Baba?"

"Kai da ka iya mota tun kana shekara huɗu a hannuna? Ka fi duk sa'o'inka, har ni wani wurin ka fi ni. Sau nawa ina ɗauko makullin nan zan ba ka, sai in tuna wanda zai gaji tukunyar, in ce a'a, bari dai a ƙara shekara. Haka har biyar. Wallahi bayan tafiyarka ban ƙara cin abincin kirki a hanya ba." Ya faɗa ne da fara'a, shi a ganinsa yabo yake yi.

Bilyamin ya daɗe a durƙushe. Yana jin hayaniyar cokula da kwanuka ko'ina, mutane suna ta santi. Baƙin ciki ya taso masa, irin wanda bai ji ba ko a ruwan Lokoja.

"Baba," ya ce a hankali, "Ya Fanne a shekara ta takwas ta rasu."

Tsohon ya juya cokali. "Allah ya jiƙanta. Mace ta gari. Ai ni na kawo ka jana'izar a motata." Sannan ya miƙo kwanon. "Ƙaro min dafa-dukar. Ka tono daga ƙasa, wajen ƙanzo."

Me za ka yi da mutum irin wannan? Ubangida ne, tsoho ne, makaho ne, kuma a gaban jama'a. Bilyamin ya karɓi kwanon da hannu biyu. Ya koma rumfa, ya tono daga ƙasa wajen ƙanzo, hannun nan nasa maras kunya har da zaɓo tsokar banda mai kyau ya ɗora a sama. Ya miƙa wa Ummul-Khair ya ce ta kai masa. Sannan ya ɗauki ludayin, ya ratsa fili da shi a hannu kowa yana kallo, ya je inda Idi yake zaune yana suɗar yatsa. Ya ɗora masa ludayin a cinya, ya zare makullin da ke rataye a aljihun rigarsa. Idi ya buɗe baki da loma a ciki.

Ba wanda ya ba shi izini. Ya hau koriyar motar ya tayar, ya zagaya filin fareti da ita a gaban kwamanda da dattawan gari, a natse, ba gudu ba hon, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ya dawo ya faka ta daidai inda ya ɗauke ta, taya a kan sawun taya. Hukuncin taɓa motar runduna ba izini kowa ya san shi, shi ma ya sani: fom ɗinsa ya mutu, sai ya sake jera wata talatin da shida. Har yau yana can, duk Juma'ar ƙarshen wata, da anini biyu a gindin murhu, don Idi ya dawo masa da ludayin tun kafin la'asar.

Ummul-Khair ce ta ba da labarin abin da ya faru a rumfar baƙi lokacin da motar take zagayawa. Ta ce Baba Lawan ya tsayar da tauna, ya karkata kai, wannan kunnen da bai ji lasifika ba ya kama kukan inji sarai. Da motar ta shiga giya ta uku sai ya ɗaga yatsa ya ce wa na kusa da shi, "Kun ji? Ko ƙara babu. Wannan ma hannunsa ne. Tun yana shekara huɗu a wurina haka yake sa giya."

Sannan ya juyo wajenta ya tambaya ko akwai sauran da za a ƙulle masa a leda ya tafi da shi Danchuwa.